Maganin da Ba Ya Tsami

"Yumma, wace ce Shabaka? Ita ma ɗiyar Baba ce?"

Hadizatu tana durƙushe gaban kaskon kisra, gurasar dawa marar kauri, hayaƙi na cin idonta. Ta ɗago ta dubi Malak, 'yarta mai shekara bakwai, wadda ke zaune a bakin gado tana jiran allurarta ta safe.

"Wa ya hwaɗa miki haka?"

"In ya tashi ita yake tambaya. Shabaka ta zo? Shabaka ta tahi? Har hwankar ɗakinmu ya kai mata."

Hajja Asma'u, uwar mijin Hadizatu, tana daka bunni, wato gahawa, a gindin dalbejiya. Ta yi dariya har ta ajiye taɓaryar. "Kai, wannan yarinya da baki! Shabaka ita ka ciyar da ke, 'yar nema. Ki dinga gaishe ta."

Hadizatu ba ta yi dariya ba. Ta ɓare kisrar daga kasko ta ce wa yarinyar shabaka ba mutum ba ce, igiyar waya ce marar igiya, wadda na'urar dukkan, wato shagon babanta, ke magana da ita.

Kwana goma ke nan da wani ma'aikaci, Khalid, ya zo daga garin Suki da kwali biyu a bayan babur. Cikin ɗaya akwai na'urar ciniki mai allo da aljihun kuɗi, wadda kowa a ƙauyen ke kira kashir. Cikin ɗayan akwai ɗan farin akwati mai ƙaho biyu, rawta, shi ke kamo shabaka ya miƙa wa kashir ɗin. Tun da takardar kuɗi ta yi wuya a hannun mutane, kusan kowa da waya yake biya, kuma Uzairu, mijin Hadizatu, ya gaji da ganin masu saye suna wuce shi zuwa dukkan na bakin hanya. Khalid ya yini yana ɗaura waya, ya hau rufi ya sauko, ya rubuta lambar sirri a bango da gawayi. Da fitilar akwatin ta koma kore, maza suka tafa kamar an haifi ɗa.

Wutar gidan duka daga faifan rana guda ne a kan rufin dukkan, da batir guda, da ƙaramar inbata mai juya wutar batirin ta koma irin ta gida. A kusurwar dukkan ɗin kuma firji yake, ɗan ƙarami, bai kai ƙugun mutum ba. Yayan Hadizatu ne ya aiko da shi daga garin Managil shekarar da aka gane Malak tana da ciwon sukari, don kwalbar insulin ɗinta kawai. Hadizatu ba ta shiga dukkan, saboda benci cike yake da maza daga safe har yamma, ƙofar da ke ɓullowa tsakar gida kuma ta cikin dukkan ake sakata ta. Uzairu ne ke miƙo kwalbar da safe kafin ya buɗe, ya sake miƙo ta da magariba. Kullum da sanyinta take zuwa.

A sati na biyu ƙishirwa ta kama Malak. Ta sha kofi uku a bakin randa, ta juya, ta dawo ta ƙara. Zafin watan ya kai inda ko kaji ba sa fita daga ƙarƙashin gado, sai Hadizatu ta ce zafi ne. Washegari ta shanya tabarmar yarinyar a kan katanga, ta jiƙe da fitsarin kwance, abin da ba ta yi ba tun Malak tana shekara uku. Rana ta gaba ma haka. Ta ɗauko na'urar awo, ta soki ɗan yatsan, lambar da ta fito ta sa ta zauna a ƙasa.

Ta tare Uzairu yana wanke hannu zai ci fatur, abincin hantsi.

"Abu Malak, sukarinta ya hau. Ya wuce ɗari uku."

"Kin yi mata allura?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

"To wani abu ta ci." Ya gutsiri kisra. "Dama na ga kwalin alawa ya ragu. Kashir ta nuna mini, abin da anka sayar daban, abin da ya rage daban. Na'ura ba ta ƙarya."

"Malak ba ta shiga dukkan."

"Tana leƙowa ta gaba. Na ganta."

Hadizatu ta san wanda ke rage alawar. Abokan benci ne, masu miƙa hannu cikin kwali suna hira, su ce a bar shi a kan zumunci. Ba ta kai ga faɗa ba ya ƙwala wa yarinyar kira. Malak ta zo tana jan ƙafa. Ya zazzage aljihun rigarta, ba kome sai murfin kwalba da ɗan dutse. Ya tambaye ta, ta ce ba ta ci ba. Ya murɗe mata kunne ya ce ta tuna da kyau.

"Bari ya tsorata ta," in ji Hajja Asma'u. "Don lahiyarta ne. Ke kin cika lallaɓa."

Hadizatu ta ƙara ma'aunin allurar kaɗan, yadda aka koya mata a asibiti. Lambar ba ta sauko ba. Ta daina sa wa yarinyar ko ɗigon sukari a shayi, ta rage mata kisra, ta hana ta fita wasa don kada wani ya miƙa mata dabino. Malak ta koma zama a inuwar katanga tana kallon sauran yara ta kafar ƙofa. Leɓɓanta suka bushe suka tsage. Rigar da aka ɗinka mata da ƙaramar salla ta fara zamewa daga kafaɗa.

Kowace safiya aka auna, lambar na sama. Kowace safiya Uzairu na tambaya ɗaya. Rana ta huɗu ya cire takalmi. Hadizatu ta shiga tsakani, dukan farko ya same ta a hannu, na biyu ya sami yarinyar a cinya. Rana ta shida, tun bai sunkuya ba Malak ta ce, "Na ci, Baba. Guda biyu. Ba na ƙarawa."

"Kin ji ko?" Ya juya ga matarsa. "Kin ji da kunnenki?"

Da ya fita Hadizatu ta ja ta ɗaki, ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Gaya mini gaskiya. Wa ya ba ki?"

"Ba kowa."

"To don mi kika ce kin ci?"

"In na ce na ci yana bari."

Hadizatu ta saki fuskar yarinyar. Da magariba da aka miƙo kwalbar, ta ɗaga ta a hasken da ya rage, ta juya ta, ta sake juyawa. Ruwa ne kamar kullum.

"Hajja, ina jin maganin nan ne ya lalace."

Tsohuwar ta karɓa, ta kai hanci ta shinshina robar bakin kwalbar, ta shinshina kuma. "Bai yi tsami ba. Bai canza kama ba. Shekara sittin ina ajiye nono da man shanu, abin da ya ɓaci hancina ba ya kuskure shi. Ji sanyinshi ma. Ɗiyarki ta amsa laihinta, ke kina neman laihin kwalba."

Nonon ne kuwa ya tona asirin. Maƙwabciya ta aiko musu da ƙwarya guda na safe, Hadizatu ta ba Uzairu ta ce ya sa mata a firji, don nono marar sukari yana cikin ɗan abin da yarinyar ke iya sha. Da magariba ya dawo da shi tare da kwalbar. Ƙwaryar da sanyi a hannu, amma nonon ya tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa, tsaminsa har cikin ido. Nonon da ya yini a firji ba ya yin haka.

Washegari ta jira har rana ta take. Ta yafa mayafi, ta fita ta ƙofar gida, ta zagayo ta gaban dukkan, ta ratsa maza biyar da ke kan benci ba tare da ta dubi kowa ba. Hira ta tsaya. Ciki kamar tanda, kwanon rufi na tafasa. Fankar ɗakinsu tana kan shiryayye, an juya fuskarta ga ɗan farin akwatin. Ta buɗe firji. Iska mai ɗumi ta bugi fuskarta. Kwalbar tana ciki, ta ɗauka, ta ji ta kamar ƙwan da kaza ta tashi daga kai. Wayar firjin na rataye a ƙusa, an naɗe ta tsaf, naɗin wanda ya saba.

"Mi kika zo yi nan?" Uzairu ya rage murya. "Ba ki ga mutane ba?"

"Tun yaushe?"

"Koma gida, zan zo."

"Tun yaushe kake cire shi?"

Ya ja ta zuwa bayan buhunan gari. Ya yi mata bayani da haƙurin wanda ke koya wa yaro karatu. Inbatar ƙarama ce. Duk lokacin da injin firji ya tashi sai ta yi kuka ta ɗauke, rawta ya mutu, kashir ta ɓace daga shabaka, sai an jira minti goma kafin kore ya dawo. Mutum na tsaye da wayarsa zai biya, ya gaji, ya ajiye kaya ya tafi. Ranar farko sau shida aka yi haka. Khalid ya ce a sayi babbar inbata, shi kuwa ya ce sai bayan an yanke riɗi. Yana cire firjin da safe ne kawai, ya mayar da la'asar.

"Awa nawa ne?" in ji shi. "Kuma ƙohwar tana ruhe, sanyin na ciki."

"Taɓa." Ta miƙa masa kwalbar.

Bai taɓa ba. "Da la'asar yana komawa sanyi. Ke kanki ba ki taɓa ganewa ba."

Hadizatu ta zare wayar daga ƙusa ta cusa a soket. Firjin ya yi gurnani, inbata ta saki ƙara mai tsini, allon kashir ya yi baƙi. Wani dattijo da ke tsaye da ledar sukari a hannu ya ce, "Ya Uzairu, shabakarka ta mutu." Aka yi dariya a benci.

Abin da aka yini ana magana a gidan ke nan, dariyar nan. Hajja Asma'u ta ce a danginsu ba a taɓa macen da ta ratsa maza ta kunyata mijinta a wurin sana'arsa ba. Ta ce ɗanta bai sha giya ba, bai yi caca ba, nema yake yi, kuma da wannan neman ake sayen allurar. Uzairu ya ce shi ma ɗiyarsa ce, kada a mai da shi azzalumi. Ya yarda zai bar firjin a jone ranakun da ba kasuwa. Ya ce maganin ya yi sanyi yanzu, ya dawo daidai.

"Ba ya dawowa," in ji Hadizatu. "Sai sabo. A kai mu Suki gobe."

"Gobe jajibirin kasuwa, jibi kasuwa. In na ruhe kwana biyun nan mi za mu ci? Litinin na kai ku da kaina."

"Ba ni izini in tahi ni kaɗai."

"Litinin na ce."

Ranar jajibiri Malak ba ta tashi daga tabarma ba. Ta ce cikinta na ciwo. Hajja ta dafa mata garad, wato bagaruwa, ta ce tsutsa ce. Ta amayar. Aka ba ta ruwa, ta amayar. Hadizatu ta yi mata allurar daga kwalbar nan, tana sane da cewa ruwan banza take tura mata a fata, don ba ta da wata. Takardar awo ta ƙarshe ta ƙare da yamma, kuma na'urar ba ta ma nuna lamba ba, haruffa biyu kawai ta rubuta, alamar sukarin ya wuce abin da take iya aunawa.

Ranar kasuwa da hantsi numfashin yarinyar ya canza. Dogo, mai zurfi, kamar wadda ta yi gudu daga kogi. Bakinta na warin 'ya'yan itacen da suka ruɓe. An kira sunanta sau uku kafin ta buɗe ido. Ta bayan bango Hadizatu tana jin hayaniyar dukkan, da ɗan ƙarar da kashir ke yi duk lokacin da aljihunta ya buɗe.

Ba ta buga ƙofar dukkan ɗin ba. Ta goya Malak da zane kamar jaririya, ƙafafun yarinyar na reto har gwiwarta, ta sa kwalbar a jaka. Hajja ta tare ta a zaure.

"Mijinki ya sani?"

"Ki hwaɗa mai."

"In kin hita ba izini..."

"Matsa mini, Hajja."

Tsohuwar ta dubi kan yarinyar da ya langwaɓe, ta matsa.

Kawu Osman, ƙanen mahaifiyar Hadizatu, yana da raksha, babur mai ƙafa uku, a bakin kasuwa. Ya sauke buhunan albasar da aka ɗora masa nan take. Suka bi gefen magudanar ruwa, ƙura na bin su, Hadizatu na kiran sunan 'yarta a kunne duk ramin da suka faɗa.

A asibitin Suki wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ibtisam, ta karɓi yarinyar tun daga ƙofa. Aka ɗaura ruwa a hannu biyu. Sai da aka yi awa uku kafin Sista ta zauna kusa da Hadizatu ta ce a nuna mata kwalbar gida. Ta ji labarin firjin har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta jefa kwalbar a kwandon shara.

"Sati nawa?"

"Uku da ɗoriya."

"Ƙarƙashin kwano, a wannan zafi." Ta girgiza kai. "Da kin jira gobe, ya habiba, da ba wannan maganar muke ba."

Uzairu ya iso da la'asar washegari, da ledar lemo a hannu wanda ba a yarda yarinyar ta sha ba. Ya tsaya a ƙafar gado, idonsa ya kaɗa. Ya ce wa Sista shi bai sani ba, ba wanda ya taɓa gaya masa zafi na kashe magani. Sista ta ce an rubuta a kwali, an kuma faɗa musu ranar da aka fara ba su, shi da matarsa suna zaune. Ya ce ya ɗauka ana nufin kada a bar shi a rana. Ya ce laifin Khalid ne da bai kawo inbatar da ta dace ba. Ya ce da matarsa ta yi masa magana cikin natsuwa da ya gane. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, saƙon ciniki daga dukkan inda ya bar ƙanensa. Bai ciro ta ba, amma hannunsa ya kai wajen aljihun ya tsaya.

Kwana biyar suka yi. Kafin a sallame su Sista Ibtisam ta zana wa Hadizatu tukwane biyu a bayan takarda, ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kwalbar a leda cikin ƙaramar, a rufe da tsumma mai laima a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa.

Ranar da suka dawo mata suka cika tsakar gida da barka da arziki. Malak na kwance a cinyar uwarta, wuyanta kamar sillen kara. Hajja Asma'u na zuba bunni daga jabana, butar yumɓu, tana ba da labari.

"Alawa ce, wallahi. Yaran yanzu ba su ji. Ubanta ya yi hwaɗa, ya yi duka, ina! Sai da ta kai kanta asibiti."

Matan suka yi ta jinjina kai. Wata ta nuna Malak da yatsa ta ce, "Kin ga abin da kwaɗayi ka jawowa?"

Hadizatu ba ta ɗaga murya ba. "Ba ta ci alawa ba. Firji anka dinga cirewa don kashir ta samu wuta, magani ya mutu. Sista ta hwaɗa gaban ubanta."

Hajja ta ajiye butar da ƙarfi. Sai Malak ta ja mayafin uwarta, idonta a kan ƙofar dukkan, ta ce a hankali, "Yumma, yi shiru. Na ci mana. Ce musu na ci."

Ba wanda ya ƙara shan bunnin nan. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba a yanke riɗi ba tukuna, kuma babbar inbata ba ta zo ba. Wayar firjin tana komawa ƙusarta duk ranar kasuwa. Kwalbar tana gindin dalbejiya cikin tukwane biyu, Hadizatu na jiƙa yashin sau uku a yini, ba ta kuma miƙa ta ga hannun kowa. Jikin Malak yana dawowa sannu a hankali. Amma in ta ji motsin sakatar dukkan, ko tuwo take ci sai ta ɓoye hannu a bayanta.

Ke da kike da mai ciwon sukari a ɗaki, kada ki yarda da sanyin da aka miƙo miki da magariba. Tashi da rana tsaka, lokacin da ba a zaton zuwanki, ki sa hannunki cikin firjin da kanki, ko maza ɗari ne zaune a ƙofar. Wannan magani ba ya tsami, ba ya wari, ba ya gaya wa kowa ya mutu. Kai kuma maigida, duk abin da za ka jona wa wuta a gidanka, fara duba wayar wa ka zare. In yaro ya ce maka bai ci ba, binciki kwalbar kafin ka cire takalmi.